Garmahon Auta a Gonar Madugu

Bana da damina ta kankama na fita gona da hantsi, na tsaya a kan iyaka na kasa kunne. Gabas da yamma babu abin da ke tashi sai kukan kurciya, da wata rediyo da ɗan ƙwadago ya rataya a reshen ɗorawa tana ta labaran duniya babu mai sauraro. Mutum biyu a wannan gona, mutum ɗaya a waccan, kowa ya sunkuya shi kaɗai kamar wanda ya yar da allura. A da, a irin wannan lokaci, ba sai an gaya maka inda ake aiki ba. Ganga ce ke gaya maka. Daga ƙauyenmu, da ke tsakanin Gaya da Ajingi, in iska ta juyo har ta wajen Gafasa muna ji, kuma da jin yadda take tafiya ka san ko noman farko ake yi ko maimai, ka san ko mutanen sun ci sun ƙoshi. Gangar garinmu tana nan har yanzu a zauren jikokin mai ita. Fatar gefe ɗaya ta yage, kaza na yin ƙwai a ciki. Da malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya gani da idonsa wanda yaran yanzu ba za su gani ba, gayya ce ta faɗo mini a rai. Kuma ba kowace gayya ba, wata guda ɗaya da aka yi babu ganga.

Yaran yanzu sun san kalmar, aikin ne ba su sani ba. In saurayi na neman aure a wancan zamani, sai ya tara sa’o’insa su je su nome gonar uban yarinya a yini ɗaya. Ana jerawa kafaɗa da kafaɗa, kowa da kunyarsa, makaɗi na biye a baya. Kowane manomi yana da takensa a ganga, in aka buga naka ko bayanka ya ƙage sai ka ji ƙarfi ya zo maka daga inda ba ka sani ba. Fartanyoyi su tashi tare, su sauka tare. Tsofaffi na zaune a gefe suna kallo, kuma ba ciyawar suke kallo ba. Suna duba wa ya iya tara mutane, wa ake jin maganarsa, wa ke barin aiki a baya. Yanzu saurayi sai ya aiko da kaya a bayan babur, uban yarinya bai taɓa ganin guminsa ba.

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni babba, sai Auta. Gandu ɗaya muke yi da Baba, gero da dawa da gyaɗa, kuma a lokacin idon Baba ya fara yana, in ya shiga gona yakan cire shuka ya bar ciyawa. Ni tun ina yaro inda aka ajiye ni nan za a same ni. Auta kuwa ko tuwo yake ci ƙafarsa na kaɗawa. Wata shekara bayan kaka ya tafi ci-rani Kano, ya yi dakon buhuna a dalar gyaɗa, damina ta zo bai dawo ba. Sai labari muka ji wai yana dafa wa wani saurayin Bature, malamin makaranta, abinci. Bayan an gama yaƙin basasa Baturen ya koma ƙasarsu, Auta ya sauko daga motar kasuwa da wando mai faɗin ƙafa da wani akwati ja mai hannu. Garmaho ne mai cin batir, lasifikarsa a jikin murfi. Faifai kuma ɗaya tak, babba, baƙi, a cikin kwali.

Kwalin kansa sai da aka yi kwanaki ana kallo. Launuka ne a cuɗe kamar an kifar da tukwanen rini wuri ɗaya, a tsakiya ga wani tsani a tsaye, bai jingina da komai ba. Inna ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, “To wa zai hau wannan?” Auta ya ce wasu samari ne suka yi kiɗan, ba su girme shi ba, kuma wannan ne faifansu na farko, kafin shi babu wanda ya san da su ko a unguwarsu. Haka Baturen ya gaya masa.

Mun san garmaho, akwai mai shayi a Gaya da ke sa waƙoƙinmu na Hausa ran kasuwa. Amma waɗancan ka san inda suka dosa. Wannan kuwa da allura ta sauka sai ka ji kamar iska na shigowa ta tsagar ƙyaure, sannan wani gunji daga nesa kamar jirgin sama, sannan ganguna su faɗo gaba ɗaya. Ka fara gyaɗa kai ke nan sai tafiyar ta canza, ta koma irin ta mai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Jita ta yi kuka kamar ana jan ta da igiya. Muryar mawaƙin wani lokaci a kusa da kunnenka, wani lokaci kamar daga cikin rijiya. Sai komai ya ɗauke a bar sarewa ita kaɗai tana yawo. Waƙa ɗaya takan cinye gefen faifan gaba ɗaya, ba ta maimaita kanta, ba ta da amshi, babu wurin da mutum zai sa baki. Bayan la’asar Auta ke fito da shi ƙofar gida, yara su kewaye, manya su tsaya daga nesa kamar wucewa suke. Duk lokacin da kiɗan ya ja jiki ya yi nauyi sai Inna ta ɗaga murya daga cikin gida, “Auta, batirinka ya mutu, kai shi rana.” Shi kuma ya ce, “A’a Inna, haka waƙar take.” Wata rana kuma batirin ne ya mutu da gaske, muka zauna muna ta saurare har faifan ya tsaya cak, babu wanda ya gane. Daga nan kullum da safe za ka ga batura a jere a kan jinkar rumbu suna shan rana. Matan gidanmu sun gwada daka da shi sau ɗaya, taɓare suka yi karo, suka haƙura.

Ni ban taɓa cewa ina son kiɗan nan ba, ko a lokacin. Amma in na ji shi, ranar ba na iya zama wuri ɗaya. In je in duba akuya, in dawo, in koma in gyara dangar da babu abin da ya same ta. Ina noma sai in tsinci kaina a tsaye ina kallon hanyar mota. Da na lura da haka a jikina, ni da ban taɓa wuce Wudil ba, sai na fara jin tsoron abin da yake yi wa Auta. Yana aiki, ba ya ƙiwa, amma in aka yi sallar azahar aka kishingiɗa shi ba ya kishingiɗa. Ya zauna, ya tashi, ya zaga rumbu. Baba ba ya gani sosai amma yana jin takun ƙafa. Wata rana ya kira ni ya ce, “Yaron nan jikinsa ne ya dawo. In ba a yi masa aure kafin wata kaka ba, kai kaɗai za ka riƙe gandun nan, ni kuwa ka ga yadda na koma.”

Ba mu sha wahalar nema ba, don Auta ya riga ya ga wadda yake so. Akwai wani dattijo Babarbare a gabashin gari, muna ce masa Madugu, saboda a ƙuruciyarsa ya yi fataucin kanwa da jakuna daga gabas kafin ya zauna a cikinmu ya kama noma. ’Yarsa Yagana, doguwa, mai bakin da ba ya barin bashi ya kwana, ita ce kaɗai a ’yan matan garin da ba ta gudu in Auta ya kunna akwatinsa. Kawunmu ya kai gaisuwa aka karɓa. Madugu bai nemi komai ba sai abin da aka saba, wato a yi masa gayya a gonar geronsa lokacin maimai. Na yi murna irin wadda ban yi ba ko a nawa auren. A raina na ce shi ke nan, mai mata da suruki a gari ina za shi.

Saura kwanaki kaɗan sai bakin Auta ya ja mana. Ana zaune a dandali, Sarkin Kiɗa, wato mai gangar noman garinmu, yana ɗaure gangarsa yana gwadawa, sai Auta ya ce, “Sarki, kiɗan nan naka tun ina goye nake jin sa. Shi ba shi da ƙane ne?”

Sarkin Kiɗa bai ɗago ba. Ya ce, “Da wannan kiɗan ubanka ya nome gonar kakanka aka ba shi uwarka. In bai yi maka ba, akwatinka ya nomo maka taka.”

Aka yi dariya, na ɗauka ta wuce. Ana jibi gayya na je gidansa da goro, na durƙusa. Ya karɓi gaisuwata da kyau, ya ce, “Ni da kai babu komai. Sai dai ranar na riga na amsa wa mutanen Kademi.”

Na ce, “Sarki, shekaranjiya fa babu wannan maganar.”

Ya ce, “Yau akwai.”

Na dawo na sami Auta yana goge faifansa da gefen riga. Na ce ya tashi mu koma tare ya ba da haƙuri da bakinsa, ko mu ɗaga ranar. Ya ce an riga an gaya wa mutane, an jiƙa gero. Ya ce, “Yaya, ganga ai ganga ce. Akwai ganga a faifan nan, har ta fi tasa yawa.”

Na ce, “Akwai, amma mai gardama ce.”

Ya ce, “Farkon nan fa da kai kanka kake kaɗa ƙafa? Shi zan sa. Kafin ya kai wurin gardamar mun kai ƙarshen gona.”

Idonsa na ƙyalli. Na gane ba don rashin makaɗi kaɗai yake so ba, so yake garin nan ya ji abin da shi yake ji, ko sau ɗaya. Na ƙyale shi.

Ranar da safe mutane suka fito fiye da yadda muka zata, rabi don noma, rabi don kallo. Aka kifa turmi a bakin gona aka ɗora garmaho. Da yake fili ne, sautin ya zama ɗan siriri, sai wani ya ce a kawo randa. Aka kwantar da ita, aka sa murfin mai lasifika a bakinta, sai ga sauti ya yi kauri ya cika wurin. Itace ɗaya ne a gonar, gawo, shi kuwa da damina ba ganye gare shi ba, don haka babu inuwa. Madugu na zaune a kan buzunsa da dattijai biyu. Muka jera, ni a dama, Auta a tsakiya, ya sa wani abokinsa ya sauke allura.

Da gangunan farko suka faɗo, wallahi abin ya yi. Mutane suka kwashe da dariya suka sunkuya, fartanyoyi suka tashi tare. Ya fi kiɗan Sarki sauri kaɗan, amma jini na da zafi da safe, muka bi shi. Na saci kallon Auta na ga haƙoransa a waje. Ba mu yi nisa ba tafiyar ta canza. Ka ɗaga fartanya kana jiran inda za ta sauka, sai bugun ya zo kafin ka shirya, na gaba kuma ya makara. Layi ya karkace. Wani ya kusa sare dugadugin na kusa da shi, suka tsaya cacar baki. Sannan gangar ta ɗauke ɗif, sarewa ta fito ita kaɗai, da wani sauti kamar ruwa na ɗiga a kwarya. Maza fiye da yadda zaure zai ɗauka suka tsaya cirko-cirko, fartanya a sama, suna jira.

Wani taubashinmu ya miƙe ya riƙe ƙugu, ya ce, “Auta, makaɗin naka fitsari ya tafi ne?”

Wani ya ce, “A ba shi goro mana ko ya dawo.”

Wani daga can ƙarshe ya ce, “Ni dai har yanzu ban ji takena ba. Ka gaya masa sunan ubana kuwa?”

Wannan na ƙarshe shi ne gaskiyar maganar. Faifan bai san kowa ba. Bai san wa ya gaji a ɗaga shi, wa ya yi gaba a ja masa linzami. Auta ya ce a yi haƙuri, yanzu zai dawo. Ya kuwa dawo, amma da hauka ya dawo, ganguna da jita suna tsere kamar an saki dawaki. Samarin da dariya ta riga ta kama suka ce to bari mu bi shi. Suka zuba a guje suna sara ba duba, ƙasa na tashi, ana ihu. Ina kiran sunayensu babu mai ji na. Kafin in isa wurin turmin in ɗage allurar, an kwantar da gero mai yawa tare da ciyawa, geron da ya kai gwiwa.

Wurin ya yi tsit. Na duba inda Madugu yake ban gan shi a buzunsa ba. Ashe ya taso tun ɗazu yana tsaye kusa da turmi, ya cire malafarsa ya yi wa faifan inuwa, don rana ta fara dukansa. Muka koma noma babu kiɗa. Wanda bai taɓa yin gayya shiru ba bai san nauyin fartanya ba. Da ’yan mata suka kawo fura, Yagana ta dire ƙwarya a gaban Auta ta ce, “Wai da wannan ka zo neman aure? Ni daga gida na ɗauka wani ne ya faɗa rijiya.” Ƙawayenta suka tuntsire. Amma da suka juya na ji ta rage murya ta ce masa, “Wurin da Yayanka ya tsayar, daga nan ina kiɗan ya nufa?” Bayan fura wasu suka sulale. La’asar ta yi sakaliya, sulusin gonar na nan da ciyawa. Madugu ya ce a tashi haka nan, mu bar akwatin a wurinsa, gobe bayan la’asar mu zo mu biyu.

Ban tsaya gaya wa kowa yadda na kwana ba. Da asuba na koma gonar ni kaɗai na ƙarasa abin da zan iya, na tattara geron da aka sare na kai gefe don kada ya yi ta gani. Da yamma muka je zaurensa, muka zube. Na fara ba da haƙuri ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa Auta, “Kunna. Daga farko. In ya ƙare ka juya ɗaya gefen.”

Muka zauna har ya ƙare. Ban taɓa jin tsawonsa kamar ranar ba. Madugu ya jingina da bango, idonsa a rufe, goro a kumatu bai tauna ba. Da allura ta kai ƙarshe ya buɗe ido ya ce, “Su wa suka yi wannan?”

Auta ya ce, “Wasu samari ne, Baba. Shi ne na farkonsu.”

Ya ce, “Da ji ka san ba su taɓa bin hanyar ba, ko’ina sai sun leƙa. Wurin nan da ganga ta ɗauke aka bar sarewa, kun san ko ina ne? Tsakanin zango da zango ne, rana ta take, jakuna sun daina kuka, ba ka jin komai sai ƙararrawar na gaba. Wannan ba kiɗan noma ba ne, yaro. Ka kai shi inda ba wurinsa ba.”

Ya gyara zama ya ce lokacin da ya zo garin nan da ayari ya ga uwar Yagana, ubanta ya ce zai ba shi, amma sai ya sayar da jakunansa. Ya sayar. Ya ce, “An riƙe ni da mutunci a garin nan, ban rasa komai ba. Amma ku tambayi tsohuwar nan yadda ta sha zama da ni. Duk kaka in iska ta juya sai in rasa abin da ke damuna, in yi ta faɗa a kan gishirin miya. Ita ba ta yi mini komai ba, ita ce dai igiyar.” Ya juya ga Auta. “Geron da kuka sare na yafe. Yarinya na tambaye ta, ta ce kai. Na ba ka.”

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na buɗe baki zan yi godiya, sai ya ci gaba.

“Amma ban ba ka ita don a ɗaure ka da ita ba. In zama za ka yi, ka zauna don kana so. In tafiya ce, ka ɗauke ta ku tafi, ita ma ƙafarta irin tawa ce. Abin da ban yarda ba shi ne ka zauna kana kallon hanya, tana kallon ƙeyarka.”

Na ce, “Baba, mahaifinmu ba ya gani. Gandun nan mu biyu ne.”

Ya ce, “Na sani. Kai ka zo nema masa zama, kuma ban ga laifinka ba. Shi ne ban ji bakinsa ba.”

Auta ya daɗe yana murza gefen tabarma. Bai dubi Madugu ba, ni ya duba. Ya ce, “Yaya, na yi ƙoƙari. Tun ranar da na sauko daga mota nake ƙoƙari.”

Muka taho gida Auta na rungume da akwatinsa. Na gaya wa Baba yadda aka yi ban rage komai ba. Da na gama ya ce, “Madugu ya ga abin da ban gani ba. To ni dai ina da uzurin ido.”

Auta ya tsaya aka yi girbi, aka cire gyaɗa, ya yi aiki a kakar nan kamar mutum biyu. Aka ɗaura aure, Sarkin Kiɗa ya zo ya yi kiɗan biki ba tare da an roƙe shi ba, har ya tsokani ango ya ce ko a kira na cikin randa ya taya shi. Bayan sati kaɗan na raka su Gaya ran kasuwa. Yagana ta hau bayan mota ta zauna a kan buhu, garmaho a cinyarta, ko waiwaye ba ta yi. Da direba ya tayar da inji yaron mota ya buga ƙarfe ya ce akwai wurin mutum ɗaya, sai na ji ƙafata ta ɗaga da kanta. Na mayar da ita ƙasa. Na tsaya har ƙurar ta kwanta.

Sun yi Kano, sun yi Kaduna ya shiga masaƙa, sun yi Jos, daga baya har ƙetaren iyaka. Suna tare har yau, kuma duk zuwan da suka yi da sallah ban taɓa ganin fuskar Yagana a ɗaure ba. ’Ya’yansu ba sa bambance gero da dawa in ba a kwano ba. Faifan ban sake jin sa ba, Auta ya ce a wata ƙaura ya fashe. Yanzu nawa ’ya’yan ma sun watse, babu wanda ya buƙaci garmaho kafin ya kama hanya, kuma babu dattijon da ya zaunar da su ya tambaye su abin da suke so.

Daminar da ta biyo bayan tafiyarsu, ranar farko ta noma, na shiga gonarmu ta bayan gari ni kaɗai tun rana ba ta fito ba. Na sunkuya ban ɗago ba, in kai ƙarshe in juyo, in kai ƙarshe in juyo. Da hantsi Inna ta kawo mini kunu. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye, sai ta ajiye kwanon ta tsaya tana duban gonar, ta ce wa iska, “A tambayi mai gonar nan, waɗannan da ya tsallake wa ya bar wa?”

Na miƙe na waiwaya. Tun daga bakin gona har inda nake, kunya ɗaya a nome, ta kusa da ita da ciyawarta, ɗaya a nome, ɗaya da ciyawa. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska ta juya. Na sha kunun, na koma farko na kama kunyoyin da na saba bar wa Auta.